“Ba reso, a dawo an jima”: mun bi sawun akwatin da kuɗinku ke ratsawa



Babu ɗan kasuwar da bai san wannan magana ba. Ka bar yaro yana tsaron rumfa, ka hau kabu-kabu zuwa gidan aika kuɗi ko banki, ka bi layi har rana ta take tsaka, da ka iso bakin taga sai yarinyar da ke zaune bayan gilashi ta ɗago kai ta ce maka ba reso, a dawo an jima. An jiman nan kuwa wani lokaci sai gobe.

Kwanakin baya wata Hajiya mai sarin albasa a Maraɗi ta kira mu cikin shirinmu na rediyo, ranta a ɓace. Kuɗi za ta aika Galmi, mota tana lodi, mai kaya ya ce sai ya ga kuɗi a hannu. Ta yi zaman awa uku a bakin taga, kafin reso ya dawo an sayar wa wani da albasar, mota ta tashi. Ta ce da mu: “Ɗana, ku da kuka yi lakkal, wai shi reson nan in ya tafi ina yake zuwa?” Muka yi dariya, amma gaskiya ba mu da amsar da za ta gamsar da ita. Shi ya sa muka nemi wani gwanin haɗa na'urori ya yarda mu bi shi wurin aiki, muka yi yini biyu tare da shi a gidan kasuwancin wani Alhaji mai sarin kayan masarufi, wanda yake da kanti a gaba, biro a sama, da magaza a ƙetaren fili. Abin da muka gano shi ne muka kawo muku.

Mene ne ruta?

Akwatin da aka je ɗaurawa sunansa ruta. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, bai fi faifan tankaɗe biyu faɗi ba, gabansa da ramuka jere da ƙananan fitilu. Wanda ya san tasha ya san aikinsa. Duk saƙon da ya fita daga kwamfuta, ko na kuɗi ne ko na takardar duwan, ana daddatsa shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da lambar inda ya fito da lambar inda za shi. Ruta shi ne ɗan kamasho: yana duba lamba, ya ce wannan ta hanyar Yamai, wannan ta hanyar Damagaram, wannan kuma ba mu san shi ba, kada ya shigo. Idan ɗan kamasho ya kwanta, ko motoci sun cika tasha babu wadda za ta tashi.

Yana da abokin aiki da ake kira suwic. Shi suwic aikinsa na cikin gida ne, shi ke haɗa kwamfutocin biro da na kanti da na'urar buga takarda da kyamarori. Ruta kuwa shi ke tsaye a ƙofar gida, tsakanin naku da na duniya.

Kada a haɗa shi da ƙaramin akwatin wifi na roba da ake ajiyewa a falo. Wancan na gida ne, ya ɗauki talho biyar ko goma. Na ma'aikata an yi shi domin ya yi aiki dare da rana shekara da shekaru, ya karɓi layi biyu ko uku na intanet, ya kuma haɗa reshen Tawa da hedikwatar Yamai ta ɓoyayyar hanya wadda wani ba zai iya leƙa ta ba. Sunayen da za ku fi gani a jikinsu su ne Cisco, kamfanin Amurka da aka kafa a 1984, da Huawei na ƙasar Sin, da MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda ƙananan ma'aikatu ke so saboda sauƙin kuɗinsa.

Doguwar hanyar da reso ke biyowa

Kafin mu shiga ɗaki, ya kamata a san cewa ba duk ɗaukewar reso ba ce laifin ɗaki. Nijar ba ta da teku, manyan wayoyin intanet kuwa a ƙarƙashin teku suke. Don haka namu sai ya ratso ƙasashen maƙwabta kafin ya iso, ta wayar fibar da aka binne a gefen hanya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kot Dibuwar, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar intanet, har da tamu. Wannan babu mai kanti ko mai banki da zai iya hana shi.

Daga iyaka kuma sai kamfanonin sadarwa su karɓa: Niger Telecom, wanda aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, da Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange. A 2025 Starlink mai amfani da tauraron ɗan Adam ya fara aiki a ƙasar da izinin hukuma.

Amma gwanin da muka bi ya ce, a cikin kiran da ake yi masa, mafi yawan lokaci ciwon yana cikin gida: waya ta saki, akwati ya yi zafi, kuran ya ƙona wani abu, ko ɓera ya yi aikinsa. Gidan Alhajin nan ma haka ne. Damanar bara tsawa ta faɗi kusa da unguwar, da safe aka tarar ruta da suwic da kwamfuta biyu duk sun mutu. Kwana huɗu ana rubuta ciniki a takarda, aka rikita lissafin bashi, wasu abokan ciniki har yanzu ana jayayya da su. Wanda ya yi aikin farko ya aza akwatin bisa kwali a ƙarƙashin tebur, bai sa wayar ƙasa ba, ya kuma ja wayar tagulla ta sama daga biro zuwa magaza kamar igiyar shanya. Araha ce Alhaji ya bi, ita kuwa araha ba ta ado.

Ɗaki kafin akwati

Mun ɗauka da isarmu za a yage kwali a fara ɗauri. Ashe ba haka ba. Awa guda gwanin ya yi yana zagaya gida da ma'auni, yana duba bango da rufi. Alhaji ya nuna wani lungu kusa da matakala inda ake ajiye buhunan sukari, gwanin ya ƙi. Dalilansa uku: zafi, ƙura, da hannun mutane.

Yawancin waɗannan akwatuna an yi su ne domin su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Mu kuwa mun san watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haye 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da babu taga. Akwatin da ya yi zafi yakan kashe kansa, ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, a yi ta zagin kamfanin sadarwa alhali ba ruwansa. Ƙura kuwa, musamman ta hunturu, takan toshe ƴan ramukan da iska ke shiga, fankar ciki ta yi nauyi har ta tsaya. Na uku, wurin da kowa ke wucewa, wata rana mai shara zai zare filogi ya sa cajin talhonsa.

Daga ƙarshe aka zaɓi ƙaramin ɗaki a sama mai silin, mai ƙofa da makulli, aka ce a sa masa kilim ƙarami, a toshe ƙasan ƙofa. Ba a ajiye shayi, ba a ajiye ruwa, ba a ajiye kaya a ciki.

Ɗaura shi a kabad

Akwatin ba a ƙasa yake zama ba, ba kuma bisa tebur ba. Akwai kabad na ƙarfe da aka yi dominsa, wanda masu aikin ke kira rak. Faɗin da aka fi bi a duk duniya shi ne inci 19, wato santimita 48 da ɗan ɗoriya, shi ya sa akwatin Amurka da na Sin duk suke shiga kabad guda. Tsayi kuma ana ƙirga shi da hawa-hawa, kowane hawa santimita 4 da rabi saura kaɗan. Rutan Alhaji hawa ɗaya ya ci.

Gwanin ya fara da ɗaura wa akwatin kunnuwa biyu na ƙarfe, dama da hagu, da ƙananan kusoshin da suka zo cikin kwalinsa. Ya gargaɗi yaronsa kada ya sa wasu kusoshi, domin dogo yakan huda ciki ya taɓa allon na'ura. Sa'annan yaron ya tallabi akwatin daga ƙasa, shi kuma ya ɗaure kusoshin ƙasa tukuna kafin na sama, don nauyi ya zauna a kansu. Tsarin jerawa ma da dalili: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kamar lodin mota. Na'urar ajiyar wuta mai batir ita ce a can ƙasa, ruta da suwic a tsakiya, allon da wayoyi ke taruwa a sama. An bar sarari a gefen da iska ke shiga da gefen da take fita.

Wani abu da ya ba mu mamaki: kafin ya taɓa cikin akwatin don saka wani ƙaramin allo, sai ya ɗaura wani madauri a wuyan hannu mai waya, ya maƙala ta a jikin kabad. Kun san yadda lokacin hunturu mutum ke taɓa ƙofar mota ko bargo ya ji tas a yatsa? Wannan ƴar wutar da jiki ke tarawa ba ta yi wa mutum komai, amma ta isa ta kashe allon na'ura, ba hayaƙi ba ƙara. Madaurin shi ke zubar da ita.

Wayar ƙasa: ita ce farko, ita ce ƙarshe

Idan akwai abu guda da za ku riƙe daga wannan rubutu, to wannan ne. A bayan akwatin akwai wurin ɗaura wata waya mai kauri, mai launin tsanwa da rawaya. Ita ce wayar ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce, ita ake fara ɗaurawa kafin kowace waya, ita ake kwancewa daga ƙarshe. Daga akwati ta tafi jikin kabad, daga kabad ta sauka zuwa sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa a waje. Idan wuta ta ɓalle cikin akwati, ko tsawa ta turo ƙarfi ta waya, nan za ta bi ta nutse, maimakon ta bi ta na'ura ko ta jikin mutum.

A ƙasarmu wannan aiki yana da wuya, domin busasshen rairayi ba ya shan wuta kamar damshin ƙasa. Sandar da aka soka taƙi biyu cikin yashi ado ce kawai. Gwanin ya sa an haƙa rami a bayan gida inda ƙasa ke riƙe sanyi, aka kafa doguwar sanda, sa'annan ya auna da na'urarsa. Awon farko bai yi masa ba, aka ƙara sanda ta biyu nesa kaɗan aka haɗa su. Alhaji ya fara ƙorafin kuɗin lebura, gwanin ya ce masa: “Ranka ya daɗe, ramin nan shi ne ba a haƙa ba bara.” Alhaji ya yi shiru.

Kuran, gurup da batir

Wutarmu wolt 220 ce. Akwatunan ma'aikata da yawa suna karɓar daga 100 zuwa 240, amma wanda ya sayi na hannu da ya fito daga Amurka, inda wutar gida take 120, ya karanta rubutun da ke bayansa kafin ya soka.

Ba a soka ruta kai tsaye a bango. Tsakaninsa da bango akwai na'ura mai tare ƙarfin tsawa a allon wutar gida, sa'annan akwai ondilar, wato akwatin batir da ke karɓar aiki nan take idan kuran ya ɗauke. Wasu suna cewa ai muna da gurup. To, kafin yaro ya ruga ya tada gurup ruta ya riga ya mutu, in ya mutu kuwa sai ya ɗauki mintoci kafin ya farfaɗo ya sake gaisawa da hedikwata. Idan a daidai lokacin ana tsakiyar aika kuɗinki ne, Hajiya, nan ake samun kuɗin da ya fita bai isa ba. Ondilar ita ce gadar da ke tsakanin kuran da gurup ko sola.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Agusta 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa har farkon 2024. Waɗanda suka tanadi batir da sola su ne suka ci gaba da aiki. Sai dai a sani, batirin ondilar ba ya son zafi. An yi shi ne don ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Don haka a riƙa gwada shi: a zare filogi da gangan, a ga minti nawa zai riƙe.

Gwanin ya kuma ƙi yarda da jone-jonen filogi bisa filogi. Mu da muka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 a bakin iyayenmu, muka ga ta ƙaramar kasuwa a 2012 da idonmu, ba sai an yi mana wa'azi kan wuta a wurin da kaya suke jibge ba.

Waya takwas cikin riga ɗaya

Yini na biyu na wayoyi ne. Wayar reso idan aka feɗe rigarta za a ga ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu kamar tufkar igiya. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke hana hayaniyar wutar lantarki shiga cikin saƙo. Shi ya sa wurin sa mata kai ba a warware fiye da milimita 13, kamar faɗin farce. Kan nata na roba ne mai haske, sunansa RJ45, kuma launukan suna da jeri. Wanda aka fi bi shi ne: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin tsanwa, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, tsanwa, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Jerin da aka bi a wannan kai shi za a bi a wancan. Waya ɗaya ta sauya wuri, ko dai reso ya ƙi zuwa, ko ya zo yana jan ƙafa.

Tsawonta ma da iyaka: mita 100 daga akwati zuwa kwamfuta, mita 90 cikin bango, 10 na guntayen da ke haɗawa a kai da kai. Ba a ja ta da ƙarfi, ba a lanƙwasa ta kamar kara, ba a buga mata ƙusa. Ba a kuma kwantar da ita jiki da jiki da wayar kuran. In dole su haɗu, to su gitta juna su wuce. Duk an bi da su cikin kwararon roba mai murfi a jikin bango, saboda ɓera da gara.

Ga inda ƴan kasuwa za su fi ganewa, domin kun san jabu. Kwalin waya mita 305 ne, kuma kwali biyu za su yi kama a ido, rubutu iri ɗaya, Cat5e ko Cat6, amma kuɗinsu da nisa. Ta gaske tagulla ce zalla. Ta jabu sanholo ce aka shafa mata tagulla a sama. Gwanin ya ɗauki guntuwar tsohuwar wayar gidan, ya kankare ta da reza a gabanmu, sai ga fari ya fito a ciki. Ya kankare sabuwar, ja ce har zuciya. Ta jabun ba ta da nauyi, tana karyewa da wuri, tana zafi idan aka bi da wuta ta cikinta zuwa kyamara ko akwatin wifi. Duk wanda zai biya kuɗin waya, ya ce a kankare masa ya gani.

Da ya gama kowace waya sai ya sa ta a wata ƴar na'ura mai fitilu takwas, su kama ɗaya bayan ɗaya daga 1 zuwa 8. Wadda ta tsallake lamba sai a yanke kai a sake. Sa'annan ya liƙa mata suna a kai biyu: kanti 1, kanti 2, akawu, biron Alhaji. Ya ce ranar da abu ya lalace, sunan nan ne bambancin gyaran minti biyar da na yini guda.

Zaren gilashi zuwa magaza

Tsakanin biro da magaza ba a sake jan tagulla ba. An haƙa ɗan rami, aka binne bututu, aka zura fibar. Fibar zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ne ke gudu cikinsa, ba wuta ba. Tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta, tsawar da ta faɗi kusa da magaza ba ta da hanyar biyowa zuwa biro. Yana kuma zuwa nesa fiye da mita 100 ba tare da gajiya ba.

Amma yana da nasa sharaɗi. Ba a naɗe shi da matsi, gilashi ne, yana tsagewa a ciki ba a gani. Bakinsa yana da ƴar hula, ba a cire ta sai lokacin sokawa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare haske. Mafi muhimmanci, ba a leƙa bakinsa da ido don a ga ko yana aiki. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta ido. Mun so mu leƙa, gwanin ya kama hannunmu.

Kunnawa

Sai da duk wannan ya kammala aka kunna. Fanka ta yi ƙara, fitilu suka yi rawaya suna ƙyaftawa, bayan ƴan mintoci suka koma tsanwa. Gwanin ya haɗa kwamfutarsa da akwatin ta wata waya ta musamman da ake yi masa magana da ita kai tsaye, ya shiga rubuta masa umurni. Layin fibar na kamfanin sadarwa ya shiga ramin farko. A rami na biyu aka sa layin wani kamfanin daban mai katin SIM, domin in na farko ya faɗi, akwatin ya juya kan na biyu da kansa. Mai hanya ɗaya, ranar da gada ta karye a gida zai kwana.

Aka yi gwaji biyu a gaban Alhaji. Aka zare fibar: akawu ya ga kwamfutarsa ta ɗan tsaya, ta ci gaba. Aka kashe wutar gida gaba ɗaya: ondilar ta yi kuka, fitilun ruta ba su ƙyafta ba. Daga nan gwanin ya sauya kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani, domin irin waɗannan kalmomi a rubuce suke cikin littafin na'ura, kowa na iya samunsu. Ya rubuta sabuwar a takarda, ya sa a ambulan, ya miƙa wa Alhaji tare da zanen inda kowace waya ta bi. Ya kuma raba wifin baƙi da na ma'aikata, don kada mai jiran kaya a kanti ya sami hanyar shiga littafin bashi.

Kafin ku biya kuɗin aiki

Ga wanda zai sa a yi masa irin wannan aiki, ko ƙungiyar ƴan kasuwa, ko asusun mata, ko mai gidan aika kuɗi, ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku gane aikin kirki. Ku ce a nuna muku wayar ƙasa da inda sandarta take. Ku ce a kankare waya ku ga cikinta. Ku duba ko kowace waya da sunanta. Ku sa hannu kusa da akwati bayan ya yi awa yana aiki, ku ji ko iska na fita. Ku ce a kashe wuta a gabanku. Ku karɓi faktir mai ɗauke da lambar jikin akwati da tsawon garanti, domin ana sayar da tsoho a kwalin sabo. Ku karɓi kalmar sirri a hannunku. Wanda ya riƙe ta shi kaɗai ya riƙe makullin kantinku, ranar da kuka saɓa sai kun bi shi da roƙo. Daga ƙarshe ku yi yarjejeniya ya riƙa zuwa yana busa ƙura da gwada batir, ko da sau biyu ne a shekara: bayan hunturu, da kuma kafin ruwan farko.

Ga iyayenmu mata masu ƙaramin jari, waɗanda ba ruta za su saya ba amma kuɗinsu ta cikinsa yake bi, ga abin da ya shafe ku. Idan reso ya ɗauke ana tsakiyar aikinku, kada ku tafi ba takarda, kada kuma ku sake biya sai an duba an tabbatar na farkon bai wuce ba. Ku ajiye rasit har sai wanda aka aika wa ya kira ya ce ya karɓa. Idan kuɗin na gaggawa ne, kamar na mota mai lodi, ku fita da sassafe, kafin zafi ya tashi layi ya yi tsawo. Kuma ku lura: gidan da kullum ba reso alhali maƙwabcinsa yana aiki, ba teku ba ce ta yanke, ɗakinsa ne ba a gyara ba. Kuna da ikon ku gaya wa mai gidan, kuna da ikon ku kai kuɗinku wani wuri.

Mun kuma lura da yaron gwanin, saurayi ne da bai wuce ashirin ba, ya bar lakkal a aji na uku na kwaleji, amma yana jera launuka takwas ɗin nan da sauri kamar mai ƙirga canji. Iyayen da ke da ɗiya zaune a gida, wannan ma sana'a ce, kuma kayan fara koyonta ba su wuce abin matse kai, da ƴar na'urar gwaji, da haƙuri ba.

Mun koma rediyo mun ba Hajiya mai albasa amsarta. Muka ce mata wani lokaci reso a teku yake tsayawa, wani lokaci a gefen hanya inda masu haƙa suka sare fibar, amma sau da yawa yana nan bayan bangon da take jingine da shi, cikin akwatin da aka aza bisa kwali. Ta ce to daga yau in ta je za ta tambaye su ina wayar ƙasarsu.